Jirgin Ƙasa Da Tsimin Mai: A Fara Da Dogon Da Ke Ƙofar Gidanmu

Duk lokacin da aka ba mu hutu na kama hanyar gida daga Gusau zuwa Tsafe, akwai abu guda da idona ba ya rabuwa da shi. Ba dutsen Kwatarkwashi nake nufi ba, ko da yake shi ma abin kallo ne. Dogon jirgin ƙasa nake nufi, wanda akan hango jefi-jefi cikin ciyawa, ya yi tsatsa, awaki na kiwo a gefensa. A kan kwalta kuwa, inda motarmu take, manyan motoci ne ke bin juna, kowace ta sha lodi har ya fi ƙarfinta, tana nishi tana tuttuɗo baƙin hayaƙi. Sai in riƙa tambayar kaina, shin me ya sa hanya ɗaya ta cika har tana farfashewa, ɗayar kuma tana kwance ba aikin fari ba na baƙi?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata muhawara da ƙungiyarmu ta shirya a zangon karatun da ya wuce. An tambaye mu yadda za a yi jiragen ƙasa su rage cin mai, su kuma daɗe suna aiki ba tare da sun ɓata mana iska da ƙasa ba. Abokina, wani ɗan Bunguɗu da muke ɗaki ɗaya, ya tashi ya ce maganin guda ne, a kawo mana jirgi mai aiki da lantarki irin na ƙasashen waje. Ya nuna hotuna, ɗakin taro ya ɗauki tafi, alƙalai suka ba shi nasara. Ni kuwa da na ce a fara gyara tsohon dogonmu tukuna, sai aka yi mini dariya, har wani ya ce ra'ayin tsofaffi gare ni. Na karɓi kaye a ranar, amma ban saki ra'ayina ba. Ga shi na kawo shi gaban 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, su yi mana alƙalanci na biyu.

Ra'ayin nawa shi ne, a wurinmu nan babu tsimin man da ya kai a sauke kaya masu nauyi daga kan kwalta a mayar da su kan dogo. Jirgin da ba ya tafiya ba ya shan mai ko ɗigo, gaskiya ne. Amma duk buhun da ya kamata ya ɗauka, mota ce ke ɗaukarsa, ita kuwa tana shan ninkin ba ninkin abin da jirgin zai sha. Ashe ke nan zaman da dogonmu yake yi shi ne babbar ɓarnar mai, sai dai ɓarna ce da ba a ganinta a tashar jirgi, a gidan mai ake biyan kuɗinta.

Kafin in kawo hujjojina, ya kamata mu san abin da muka gada. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga baya aka fitar da reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929. Tsawonsa ya haura kilomita 200. Turawa ba don ƙaunarmu suka shimfiɗa shi ba, gyaɗa da auduga da fatu suke so su kwasa zuwa bakin teku. Duk da haka, wannan dogo shi ne ya mayar da Gusau babbar kasuwa. Ta dalilinsa kamfanonin ciniki suka buɗe kantuna da rumbuna, aka sami aikin gurzar auduga, baƙi daga kudu da arewa suka zo suka zauna. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996, ba a sha wahalar zaɓen babban birni ba, gama jirgi ya riga ya gama wannan aiki shekaru da yawa kafin nan.

Kakana na wajen uba ya yi aikin dako a tashar Gusau yana saurayi. Ran nan da hutu na zauna da shi bayan sallar la'asar na ce, “Kaka, wai da me jirgin zamaninku yake tafiya?” Ya yi dariya ya ce, “Aboki, ai wuta da ruwa yake ci, kamar tuwo.” Ya ba ni labarin kan jirgi mai tukunya, da mutumin da aikinsa kawai shi ne zuba kwal a wuta da shebur, da babban tankin da jirgi kan tsaya ya sha ruwa. Ya ce in an yi lodin gyaɗa, tun daga safe har faɗuwar rana buhu na bin buhu, amma kai guda ɗaya ne zai ja abin duka ya tafi. Ya ce, “Wanga dogo da kuke rainawa, shi ya yi mini kuɗin auren kakarka.”

Da na koma makaranta na bi diddigin maganarsa wajen malaminmu na kimiyya. Kwal ɗin nan daga Inugu ake kawo shi, inda aka gano shi a 1909. Malam ya ce jirgin tururi mai ɓarna ne ƙwarai, don cikin kashi ɗari na ƙarfin da ke cikin kwal, abin da ke kaiwa ga ƙafafu bai cika kai kashi 10 ba, sauran duk ya bi hayaƙi da zafi. Shi ya sa daga wajen 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka shiga kawo kawuna masu aiki da man gas, wato dizal. Irin waɗannan sukan ci moriyar kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, yawancinsu a gaskiya da lantarki suke tafiya: injin dizal ne ke juya janareta a cikin kan jirgin, wutar da ya samar ita ke juya ƙafafu. Wato dai tsimin makamashi ba sabon zance ba ne a reluwe, kakanninmu sun riga sun ga an yi canji sau ɗaya saboda shi.

To, me ya sa jirgi ya fi mota tsimi? Kowane ɗalibi a makarantar nan ya san amsar da jikinsa, ko da bai san ta da baki ba. Ranar da famfo ya ɗauke muka tura kurar ruwa zuwa ɗakin girki, a kan siminti mutum biyu sun isa, amma da an shiga yashi sai mun taru mu biyar muna gumi. Nauyin bai ƙaru ba, ƙasar ce ke riƙe ƙafa. Tayar mota roba ce, tana lotsawa tana miƙewa a kowane juyi, wannan kuwa yana cin ƙarfi, shi ya sa in ka taɓa taya bayan doguwar tafiya za ka ji ta da zafi. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta lotsawa sai ɗan abin da ba a rasa ba, wurin da take taɓa dogo ma bai wuce faɗin kwabo ba. Bayan haka, taragai suna bin bayan juna ne, kan jirgi kaɗai ke keta iska sosai, alhali kowace mota sai ta keta tata iskar da kanta. Sannan dogo ba ya son hawa da gangara, tun wajen shimfiɗa shi ake yanke tudu a cike kwari.

Masu lissafi sun auna wannan abu. Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar da rahoto a 2019 inda ta nuna jiragen ƙasa na ɗaukar kashi 8 cikin ɗari na tafiye-tafiyen fasinjojin duniya da kashi 7 na kaya, amma abin da suke ci bai wuce kashi 2 cikin ɗari na makamashin da sufuri ke ci ba. A Amurka, inda jiragen kaya kusan duk da dizal suke aiki, lissafin kamfanonin jiragen ya nuna jirgi ya fi babbar mota tsimin mai sau uku zuwa huɗu. A lura da kyau, dizal na ce, ba lantarki ba.

Bari mu kawo lissafin gida. Tirela guda takan ɗauki tan 30, wato buhu 300 na masara mai kilo ɗari-ɗari. Mu ƙaddara an haɗa jirgi mai tarago 20, kowane ya ɗauki tan 30. Buhu 6,000 ke nan, kayan tirela 20 cur, a bayan kai guda. In tirelolin nan za su ƙone duro huɗu a wata tazara, jirgin duro ɗaya ko ɗaya da ɗan wani abu zai ƙone. Kowace lita ta dizal da aka ƙone kuma tana sakin fiye da kilo biyu da rabi na iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Mu da muke zaune a bakin hamada, muna ganin damina na rikicewa, wata shekara fari wata shekara ambaliya, bai kamata a ce sai an roƙe mu kafin mu damu da wannan ba.

Wannan lissafi ba a allo kaɗai na san shi ba. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, yana sayen masara da dawa da waken suya a kasuwannin ƙasar Tsafe, su haɗa kuɗi da abokansa su yi lodin mota zuwa kudu. A 2022 kuɗin dizal ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni, kuɗin mota ya bi shi. Ran 29 ga Mayu, 2023 kuma aka janye tallafin fetur, sai ƙananan motocin da ke fito da kaya daga ƙauye su ma suka ƙara nasu. A wata tafiya motar da suka ɗauka ta lalace a hanya, ta yi kwana huɗu ana jiran kayan gyara, ruwan sama ya taɓa buhunan sama. Da aka sayar aka fitar da kuɗin mota da na gyara, ko uwar kuɗi ba ta dawo daidai ba. Zangon nan na dawo makaranta a makare da mako biyu, akwatina ba gari ba sukari. Da zan taho Baba ya ce mini, “Ka yi haƙuri, ɗana, bana mota muka yi wa noma.” Ban manta da wannan magana ba. Na tabbata kuma akwai iyaye da yawa cikin masu karanta wannan mujalla da suka taɓa faɗin irinta.

Wani zai ce ai duk wannan tatsuniya ce, jirgin Gusau ya mutu tun zamanin dalar gyaɗa. To, ga abin da ya faru ina ƙaramin yaro a firamare. A farkon watan Satumba na 2016, ana gab da Babbar Salla, an yi lodin shanu 500 cikin tarago 15 a tashar Gusau, jirgi ya ja su har Legas. A kan wannan tsohon dogo aka yi, ba wani sabo ba. Duk wanda ya san fataucin shanu ya san wahalar da dabba ke sha a bayan tirela, ga rama, ga karaya, wata ma sai an yanka ta a hanya. Abin baƙin ciki, wannan yunƙuri bai ɗore ba. Amma ya isa shaida cewa abin mai yiwuwa ne. Gani ya kori ji.

Yanzu bari in koma kan abokina ɗan Bunguɗu, don ba na so in zalunce shi. Yana da gaskiya cewa jirgin lantarki ya fi kowane tsimi. Kan jirgin lantarki yakan mayar da wajen kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya karɓa zuwa tafiya, ba ya hayaƙi, kuma na zamani in ya taka birki yakan mayar da wani ɓangare na wutar cikin waya, wani jirgin ya amfana. Habasha ta buɗe layin lantarki daga Addis Ababa zuwa Jibuti a 2016, mai tsawon kilomita wajen 750. Maroko ta fara gudanar da jirgi mai tsananin gudu tsakanin Tanja da Kasablanka a 2018. Indiya, wadda ma'aikatanta suka zo suka riƙe mana reluwe daga 1979 zuwa 1982, ta riga ta sa wa fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan layukanta lantarki. A nan gida ma, Legas ta fara jirgin cikin gari mai lantarki a 2023, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2. Ni ma ina so in ga irinsu a Gusau kafin in tsufa.

Amma jirgin lantarki, lantarki yake ci. Habasha na da manyan madatsun ruwa da ke ba ta wuta. Mu fa? Mu da muke karatun dare da tocila in janaretan makaranta ya ƙi tashi? Kowa na iya tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata manyan layukan wuta, yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu. A ce jirgi ya ɗauko shanu 500 ya kai tsakiyar daji sannan wuta ta ɗauke, wa zai ba su ruwa? Ban da haka, kafa turaku da waya a kan kilomita ɗaruruwa kuɗi ne mai yawan gaske, ba ya biyan kansa sai a layin da jirage ke bi da yawa kowace rana. Layin da bai sami jirgi ɗaya a mako ba, in aka sa masa waya, an saya wa jariri babbar riga ke nan. Hatta sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, da dizal suke aiki. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai kuma masu cewa dogonmu ƙarami ne, ya tsufa, sai dai a tumɓuke a sa babba. Gaskiya ne faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067, alhali sababbin layukan milimita 1,435 ne. Amma yawancin layukan Japan irin faɗin namu ne. A Afirka ta Kudu akwai layin da ke kai ƙarfen ƙasa daga Sishen zuwa tashar ruwa ta Saldanha, kilomita 861, faɗinsa daidai da namu, jirgi guda kuma yakan ja tarago fiye da 300 a kansa. Ashe laifin ba na faɗi ba ne, na kulawa ne. Masara ba ta sauri, ba ta bukatar jirgin da ke tsere da iska. Bukatarta ta isa lafiya, a ranar da aka ce, da kuɗi kaɗan. Kada mu manta kuma, kakanninmu sun riga sun yanke tuddai, sun cike kwaruruwa, sun gina gadoji, an narka ƙarfe an shimfiɗa. Duk wannan ƙarfi ne da aka riga aka kashe. Wanda ya watsar da shi ya fara sabo, ya biya sau biyu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a kaina ita ce ta tsaro, ba zan kuwa yi kamar ban gan ta ba. Mu 'yan Tsafe mun san abin da ake nufi da a ce kada a bi hanya bayan la'asar. Mun kuma ji abin da ya sami jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022, sa'ad da 'yan bindiga suka fasa dogo, suka kashe mutane, suka tafi da wasu daji, har jirgin bai koma aiki ba sai watan Disamba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ban ce jirgi zai kawo zaman lafiya ba. Abin da na ce shi ne, motocin ma cikin wannan dajin suke bi, kuma raka jirgi ɗaya da rana ya fi sauƙi a kan raka tirela ashirin da ke warwatse. Shi ya sa nake ganin a fara da kaya tukuna, fasinja su biyo baya in hankali ya kwanta. Kuma saurayin da ya sami aikin gyaran dogo ko dako a tasha, kamar yadda kakana ya samu, da wuya a ja shi daji.

To, in an yarda da ni, me za a yi? Na farko, a gyara dogon sosai, a kuma ci gaba da duba shi kullum. Dogon da tsakuwarsa ta zaizaye, kusoshinsa suka saki, yakan tilasta wa direba ya yi ta rage gudu yana ƙarawa, wannan kuwa shi ke shan mai, kamar yadda mai keke ya fi gajiya a hanya mai ramuka. A share kwalbatoci kafin damina, don ruwa shi ne babban abokin gaban dogo. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, kada tarago ya tafi ko ya dawo wayam. In ya sauka kudu da hatsi da shanu da auduga, ya hauro da takin zamani da siminti da gishiri da goro. Jirgin da ya dawo ba kaya ya ƙone mai a banza. Wannan aiki ne na ƙungiyoyin 'yan kasuwa da manoma, su haɗa kayansu wuri guda, a sa rana tabbatacciya a mako wadda kowa ya san jirgi zai tashi. Tashar kaya ta tudu da aka ƙaddamar a Funtuwa a 2024 tana kan wannan layi namu ne, amfaninta kuwa ba zai cika ba sai da jirgi.

Na uku, a kula da kan jirgin da mai tuƙa shi. Injin da aka bari yana ruri awa da awa a tasha yana jiran lodi, mai yake sha ba tafiya. Direban da ya san hanyarsa yakan saki wuta tun daga nesa ya bar nauyin jirgi ya kai shi tasha, maimakon ya taho a guje ya danne birki. Injin da ake canza wa baƙin mai da matata a kan kari ya fi tsimi, ya fi daɗewa. Muna da wuraren koyon irin wannan aiki kusa da mu: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, daidai inda dogon ya ƙare, ga kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Zariya, daidai inda ya fara. Ni kaina, in Allah ya yarda, wannan fanni nake so in karanta.

Na huɗu, a nan ne ni da abokina za mu haɗu. Rana dai Allah ya hore mana ita. Ba za ta iya jan tarago ashirin yau ba, amma farantan hasken rana a kan rufin tasha sun isa su kunna fitilu, su riƙe na'urorin sadarwa da alamun hannu, su jawo ruwan rijiyar burtsatse don dabbobin da ke jiran lodi. Wannan ba ya bukatar jiran kowa. In kaya suka yawaita, jirage suka riƙa bin juna, wuta kuma ta zauna da gindinta, sai a kafa turakun lantarki, in tafa wa abokina da hannu biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san a cikinmu akwai 'ya'yan direbobi, kada su ɗauka ina so a kashe wa iyayensu sana'a. Jirgi ba ya shiga gona. Dole sai mota ta kwaso kaya daga ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe ta kawo tasha, ta kuma rarraba abin da jirgi ya sauke. Bambancin shi ne direba zai yi gajeriyar tafiya sau da yawa ya kwana a gidansa, maimakon ya yi mako a hanya iyalinsa na zullumi. Kwaltar ma za ta huta, gama manyan motoci masu lodin wuce kima su ne ke saurin kashe ta.

Wa zai yi wannan aiki? A da, harkar jirgin ƙasa ta Gwamnatin Tarayya ce ita kaɗai. Amma a watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon shiga cikinta. Wannan layi ya ratsa jihohi uku, Kaduna da Katsina da Zamfara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma uku da na Tarayya sun isa. Ana gina sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, wanda aka aza harsashinsa a 2021, muna kuma yi wa 'yan'uwanmu murna. Roƙonmu ga iyayenmu shi ne, duk mai neman ƙuri'a da ya zo ƙofar gida, a tambaye shi abin da zai yi da dogon da ya ratsa garinmu.

Mu ma muna da namu laifin, kuma shi ya fi ci mini rai. Wa ke zuba shara a kan dogo? Wa ke kafa rumfa da gini a jikinsa? Wa ke kwance kusoshi da ƙarafa da dare ya sayar wa masu awon ƙarfe? Ba daga wata ƙasa suke zuwa ba. Na taɓa ganin guntun ƙarfen dogo an yi murhu da shi a wata unguwa, mutane na wucewa ba wanda ya ce uffan. Wanda ya sayar da kusa guda ya sami kuɗin shayi, amma ya sayar da hanyar da za ta rage wa ubansa kuɗin mota. Ina ba ƙungiyarmu ta masu kula da muhalli shawara, da izinin Shugaban Makaranta da na ma'aikatan tasha, mu ware Asabar ɗaya a zango mu je mu share wani yanki na layin, mu dasa itatuwa daga nesa da shi don su tare iska da zaizayar ƙasa. Ƙaramin abu ne, amma wanda ya share wuri da hannunsa ba ya yarda a ɓata shi a gabansa.

Kakana ya haura shekara tamanin, idonsa ya fara rauni, amma kunnensa garau. Ya ce mini har yanzu in ya farka da asuba yakan kasa kunne ko zai ji kukan jirgi daga wajen tasha. Ina fata ya ji shi kafin ya koma ga Mahaliccinsa, ina kuma fata ran nan buhunan Baba na cikin tarago. Abokina ɗan Bunguɗu ya ce zai ba ni amsa a fitowa ta gaba, ina jiransa. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa albarka a noma da kasuwancin iyayenmu, ya ba shugabanninmu ikon gyara abin da muka gada. Amin.

Daga wani ɗalibin Aji Biyar